Mai taɓin hankali a matsayin mai gano ɓarawo: ina hikimar, ina cutarwar?

Shin ya dace marubuci ya ɗauko mutumin da gari ya riga ya yanke wa hukuncin hauka, ya ɗora masa binciken kisan kai ko satar shanu, sannan ya bar labarin duka ya fito daga bakinsa? Tambayar kan taso duk lokacin da irin wannan labari ya faɗo hannun masu karatunmu, fassararre ne, fim ne, ko wani ɗan gida ne ya gwada sa'arsa. Ƙorafin iri biyu ne. Wasu na ganin cin fuska ne ga bayin Allah da aka jarraba da ciwo. Wasu kuwa ba wannan ne ya dame su ba, haushinsu shi ne an raina musu hankali: mutum ya biya kuɗi a shagon caji an tura masa littafi a memori, ya yi kwana da kwanaki yana saurare a gona da bakin rijiya, sai can a ƙarshe a ce masa ai shi mai ba da labarin ma bai tantance abin da ya gani da abin da ƙwaƙwalwarsa ta nuna masa ba.

Kowane ɓangare na da abin kamawa. Sai dai yawancin gardamar ana yin ta ne ba tare da an rarrabe abubuwan da ke cikin salon ba.

Abubuwa uku da suka haɗu wuri ɗaya

Na farko shi ne labarin bincike. An aikata laifi, ba a san wanda ya yi ba, marubuci ya watsa alamu cikin labarin, mai karatu kuma yana tsere da mai binciken ya ga wa zai riga wani ganowa. Sharaɗinsa adalci: duk abin da ake buƙata domin gano mai laifi dole a ce an nuna shi, ko da a fakaice ne.

Na biyu mai binciken sa-kai. Ba shi da kaki, ba shi da ikon kama kowa, ba wanda zai tilasta wa ya amsa masa tambaya. Ido da kunne da naci su ne jarinsa.

Na uku, wanda a nan ne ake yawan ruɗewa, shi ne mai ba da labarin da ba a sakin jiki da maganarsa. Mutane da yawa na ɗauka maƙaryaci ake nufi. Maƙaryaci ɗaya ne kawai daga cikinsu. Akwai mai cika baki, akwai yaron da ya ga abu bai san ma'anarsa ba, akwai wanda son zuciya ya rufe wa ido, akwai kuma wanda ciwo ke shiga tsakaninsa da abin da ya gani. Maƙaryaci ya san gaskiya ya ɓoye. Shi kuwa mara lafiyar iyakar gaskiyarsa yake faɗa maka, bai rage komai ba, matsalar ita ce kayan da ya kawo maka a haɗe suke, da na zahiri da wanda ciwon ya ƙara. Aikin mai karatu a nan ya zama biyu: ya gano ɓarawo, kuma ya tace maganar wanda ke jagorantarsa.

Daga ina salon ya fito?

Masana adabi sun fi danganta farkon labarin bincike na zamani da Edgar Allan Poe, ɗan Amurka, wanda ya wallafa gajeren labarinsa na farko a wannan fanni a 1841. Daga nan salon ya bunƙasa a Ingila, kuma an saba da tsari guda: ga gwanin bincike, ga amininsa mai gaskiya da ke rubuta mana yadda aka yi. A 1926 Agatha Christie ta rushe wannan amana a littafinta The Murder of Roger Ackroyd. Likitan ƙauye ne ke ba da labarin, shi ke rakiyar mai binciken ko'ina, a ƙarshe kuma ta bayyana shi ne makashin. (Wanda bai karanta ba ya yi haƙuri, asirin ya daɗe da tonuwa a duniya.) Abin da ya sa littafin ya tsira daga zargin yaudara shi ne likitan bai shirga ƙarya kai tsaye ba, tsallake 'yan mintuna kawai ya yi, kuma wanda ya koma baya ya sake karantawa zai ga gurbin.

Duk da haka an yi ta ce-ce-ku-ce. A 1929 wani limamin Katolika marubuci, Ronald Knox, ya fitar da dokoki goma na labarin bincike. Ta farko ta ce mai laifi kada ya zama wanda aka bar mai karatu ya shiga cikin tunaninsa. Ta biyu ta haramta warware matsala ta hanyar abin da ya saɓa wa al'ada, wato sihiri da makamantansa. Wannan ta biyun za mu dawo kanta, domin ita ce ta fi shafar marubucin Hausa. A 1961 ne malamin adabi Wayne Booth ya raɗa wa mai ba da labarin da ba a sakin jiki da maganarsa sunan da ake nazarinsa da shi a jami'o'i har yau.

Haɗa shi da ciwon ƙwaƙwalwa ya yi kasuwa sosai a shekarun baya-bayan nan. A 2014 Emma Healey ta fitar da labarin wata tsohuwa mai gigin tsufa da ke neman ƙawarta da ta ɓace, aljihunta cike da 'yan takardun da take rubuta wa kanta don kada ta manta. A 2015 Paula Hawkins ta zo da macen da shan giya ke goge mata abin da ya faru da dare, ga shi kuma ita ce ta ga wani abu ta tagar jirgin ƙasa.

Kada a ɗauka baƙon abu ne gare mu. Cikin littattafan da suka fito daga gasar 1933 ta hukumar fassara da ke Zariya, Ganɗoki na Bello Kagara tsohon mayaƙi ne ke ba da labarin kansa, tun daga karo da Turawa har ƙasar aljanu, kuma ba mai karatun da ya taɓa neman ya rantse. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ma da bakinsa yake ba da labarin yadda suka yi ta cutar juna da Malam Zurƙe. Kai, ko tatsuniya kaka kan rufe ta da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Bahaushe ya saba da sauraron mai labari yana ragewa a zuci. Sabon abin shi ne a ce rayuwar wani ko dukiyarsa ta rataya a kan abin da aka rage ɗin.

Yadda yake aiki in an iya shi

Bari in ƙaga misali. A ce wani ƙauye ne a ƙasar Gumel. Akwai tsohon malamin firamare, kowa Ticha yake ce masa, ciwo ya raba shi da aiki ya raba shi da matarsa. Yana jin muryoyi. Ya yi imani cewa akwai masu bibiyarsa, saboda haka ba ya barci, kwana yake a zaure da fitila da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, yana rubuta duk abin da ya gifta: babur ja mara fitila, amalanke, wanda ya fita kewaye, da lokacin kowanne.

Daren Laraba wayewar Alhamis, ranar da kasuwar Maigatari ke ci, aka kwance shanun huɗa biyu a gidan wani manomi. A shafin wannan dare Ticha ya rubuta abubuwa uku. Ƙarfe ɗaya, muryar ta ce kada ya ci tuwon da aka aiko, an barbaɗa magani. Ƙarfe biyu da kwata, an kira assalatu a bayan rumbunan yamma. Ƙarfe uku, muryar ta ce masa munafuki, kowa ya san abin da ya yi.

Da safe ya kai littafin wurin mai unguwa. Aka karanta, aka yi murmushin tausayi. Bayan rumbuna ba masallaci, kuma wane ladani ne zai yi kiran salla ƙarfe biyu da kwata? Aka ce a kai shi gida a ba shi kunu.

'Yar yayarsa ce, wadda ke kai masa abinci, ta tsaya ta duba shafukan baya. Sai ta ce, "Kawu, wannan mai kiran sallar, ya ambaci sunanka?" Ya ce, "A'a, shi ba ruwansa da ni. Bai ma gama ba aka katse shi." Nan labarin ya juya. A duk littafin, muryoyin ciwon da shi suke magana, su zage shi, su ba shi umarni. Wannan kaɗai ce ba ta kula shi ba, kuma an katse ta a tsakiya. Mai karatu mai lura zai tuna cewa tun a babi na biyu, a shagon caji, wayar wani saurayi ta ɓarke da kiran salla da hantsi saboda agogonta a karkace yake, har aka yi masa dariya.

A lura da abu biyu. Marubucin ya kafa wa ciwon ƙa'ida kuma bai karya ta ba, shi ya sa mai karatu ke da hanyar tacewa. Sannan Ticha bai zama gwani ba. Abin da kunnensa ya ji daidai ne, fassararsa ce ta kauce: shi har ƙarshen labari yana nan a kan cewa 'yan leƙen asirin da ofishin ilimi ya turo masa ne. Gano ɓarawon bai warkar da shi ba. In aka rasa ɗayan waɗannan biyu, masu cewa an raina musu hankali sun yi gaskiya.

Me ya sa ƙauye ya fi birni dacewa da shi?

A karkarar Kano da Jigawa, in an yi sata, ba ofishin 'yan sanda ake fara nufa ba. Mai unguwa ake gaya wa, shi ya kai wa dagaci, in ta yi girma ta je gaban hakimi. 'Yan sintiri su bi sawu. Ofishin 'yan sanda sau da yawa yana hedikwatar ƙaramar hukuma, ga nisa ga kashe kuɗi, kuma kai ɗan'uwa can abin magana ne har jikoki. Don haka mai binciken sa-kai ba ƙage ba ne a nan, kusan duk binciken ƙauye na sa-kai ne.

Wahalar ƙauye kuma ba rashin shaida ba ce. Da wuya a fitar da bijimi biyu daga gari ba wanda ya ji motsi. Amma wanda ya gani surukin wane ne, ko yana cin bashin taki a gidan wane, ko 'yarsa na aure a can. Masu hankali sun san farashin magana, sai su kama bakinsu. Wanda aka cire daga lissafi shi kaɗai ne ba a rage murya in ya zo wucewa. Yana zaune gefen mai shayi, yana bakin mahauta, ana ƙulla magana a kansa kamar ba mutum. In mace ce ma abin ya fi haka, domin tana shiga gidajen da aka rubuta wa "ba a shiga", ta zauna a tsakar gida kishiyoyi na ta zuba ba mai ce mata tashi.

Raunin nasa kuma a fili yake. Jimla ɗaya ta isa ta rushe duk abin da ya tara: "Ai ciwon nasa ne ya tashi." Kuma ba a nan haɗarin ya tsaya ba. A labarin Turawa mai laifi kan yi yunƙurin kashe mai bincike. A namu ba ya buƙatar wannan. Ya isa ya je wurin dangi da fuskar tausayi ya ce jikin Malam fa ya motsa, gara a ɗaure shi kafin ya ji wa wani ciwo, har ya ba da gudummawar kuɗin mota zuwa gidan mari. Wannan ba abu ne mai nisa ba. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fitar da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa, aka biyo da irinsa a Daura, kuma a ƙarshen shekarar ta 2019 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan ɗaure masu taɓin hankali a faɗin Najeriya, a gidajen magani na gargajiya da na addini har da wasu na gwamnati. Marubucin da ya san wannan ba sai ya nemo bindiga ba kafin gaban mai karatu ya faɗi.

Hujjar masu cewa cin fuska ne

Ba su yi ƙarya ba, domin akasarin masu gwada salon a ramuka biyu suke faɗawa.

Ramin farko, a ƙarshe a ce ai shi mara lafiyar ne ya yi kisan bai sani ba. Marubuci na son wannan saboda yana girgiza mai karatu a arha. Amma saƙon da ke saura a zuciyar mai saurare shi ne duk mai taɓin hankali makashi ne da ke jiran rana. Binciken likitoci ya daɗe da nuna akasin haka: masu ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani sun fi zama waɗanda ake cutarwa a kan su zama masu cutarwa. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wa yara ke jifa, ya kuma san matan da ake gani da ciki a bakin kasuwa ba a san uban ba.

Rami na biyu ya fi kama da girmamawa, shi ya sa ba a cika gane shi ba. A mai da mara lafiya waliyyi, a ce an buɗe masa ido, duk abin da ya faɗa sai ya tabbata. Wannan ma cire shi ne daga sahun mutane. Kuma yana kashe labarin, don in maganarsa duka gaskiya ce ba sauran abin tacewa.

Ƙarƙashin duka biyun jahilci ɗaya ne: ɗaukar hauka abu guda, tsumma da bola da dariya ba dalili, irin wanda aka saba nunawa a fim. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 8 a duniya na fama da wani nau'in ciwon ƙwaƙwalwa, amma mai sa jin muryoyi da mugun zato mai ɗorewa, wanda likitoci ke kira sikizofiriniya, kusan mutum 1 ne cikin 300. Sauran fa? Akwai ciwon damuwa mai kwantar da mutum ya daina sha'awar komai. Akwai mai ɗaga mutum sama ya yi makonni ba barci yana rabon kuɗi da manyan alkawura, sannan ya sako shi ƙasa. Akwai wanda ke kama mace cikin jego. Akwai gigin tsufa. Akwai wanda ƙwaya ke jawowa, kuma yankinmu ya san wannan sarai, tunda sai da gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Farfaɗiya kuwa, da ake yawan cusa ta a ciki, ciwo ne daban.

Kowanne da irin gurbin da yake bari a labari. Mai gigin tsufa na iya tuna ranar aurenta tsaf ta manta wanda ya shigo ɗazu. Mai damuwa yana ganin komai daidai, sai dai duk laifi kansa yake ɗora wa. Mai mugun zato ba abin da ke wuce shi, amma kowane zare sai ya ja shi zuwa kansa. Marubucin da bai zaɓi ɗaya ya nazarce shi ba, zai riƙa kunna ciwon yana kashewa duk inda labari ya cije masa.

Shin ana karɓar shaidarsa a zahiri?

Nan ma akwai kuskuren fahimta. Mutane kan kawo hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo, sai su rufe magana. Hadisin yana magana ne kan ɗora wa mutum alhaki, kuma shi kansa ya ce "har ya dawo". Malaman fiƙihu sun bambanta haukan da ya lulluɓe mutum kullum da wanda ke zuwa yana tafiya, suka kuma ba lokutan da ya farfaɗo hukuncin mai hankali.

Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 175, ta tafi a kan kusan wannan turba. Ba ta hana mai taɓin hankali ba da shaida ba, sai in ciwon ya hana shi fahimtar tambayar da aka yi masa ko ba da amsa mai ma'ana. Wato alƙali zai duba halin da yake ciki ne a ranar, ba sunan da unguwa ta sa masa ba.

Tarihi ma ya ba da misali. Lokacin badaƙalar Watergate a Amurka, wadda ta faro a 1972, Martha Mitchell, matar tsohon ministan shari'a na gwamnatin Nixon, ta yi ta gaya wa 'yan jarida cewa ana aikata ba daidai ba a fadar shugaban ƙasa. Aka ce giya ce, aka ce ta zautu. Daga baya magana ta fito, har masana halayyar ɗan Adam suka sa sunanta ga kuskuren da likita kan yi in ya ɗauki gaskiyar mara lafiya a matsayin ruɗu.

Su masu lafiyar ma ba a gama da su ba. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota, suka tambaye su gudun motocin. Waɗanda aka yi wa tambayar da kalma mai zafi sun faɗi gudu mafi yawa, kuma bayan mako guda da dama cikinsu sun ce sun ga fasasshen gilashi alhali babu shi a fim ɗin. Duk wanda ya taɓa zama a zauren dagaci ana sauraron rikicin makiyayi da manomi ya ga irin wannan ba tare da an kai shi jami'a ba.

Aljanu, mayu, da dokar Knox ta biyu

Marubucin Ingila na iya kore sihiri daga labarinsa da layi ɗaya. Na Hausa ba zai iya ba, don mutanen da yake rubutu a kansu sun yi imani da aljanu, da sammu, da jifa, kuma kafin a kai mara lafiya asibiti galibi an riga an bi ta wurin mai ruƙiyya ko boka. In ka cire wannan daga ƙauyen labarinka, ka rubuta ƙauyen da babu shi. Mafita a ganina ita ce a bar mutanen labari da imaninsu, a bar uwar Ticha ta ci gaba da turare da rubutun sha, amma warwarar laifin ta tsaya a kan abin da za a iya ajiyewa gaban alƙali. Ko a kotun shari'ar Musulunci hujja na kan mai ƙara, rantsuwa na kan wanda ya musa, ba a yanke hukunci da mafarki ko da bugun ƙasa.

Akwai kuma wani abu da ya kamata masu gardamar nan su duba. Ba gaskiya ba ne cewa ƙauye ba ya taɓa yarda da maganar wanda hankalinsa ya gushe. Yana yarda, a wuri mafi muni. Yarinya na cikin zafin zazzaɓi ko ruɗewa ta kira sunan wata tsohuwa, nan take a ce ta kama mata kurwa, a taru a ƙofar gidanta, wani lokaci har a kai ga duka ko kora daga gari. Bakin da aka ƙi saurara da ya ce ya ga wanda ya kwance saniya, shi aka gaskata ba tambaya da ya ambaci mayya. Bambancin bai wuce wanda ake zargi ba: ɗaya na da dangi da rumbu, ɗayar ba ta da kowa. Ban ga abin da ya fi wannan cancantar a gina labarin bincike a kansa ba, kuma mai ba da labarin da ba a sakin jiki da shi ne kaɗai zai iya nuna fuskokin biyu a lokaci guda.

Abin da ya shafi mai saurare a gida

Littafin Hausa yanzu ba a kasuwa kaɗai yake ba. Yana WhatsApp, yana YouTube ana karantawa da murya, yana rediyo. Mai sauraro a ƙauyen Ɗambatta ko Birnin Kudu ba lallai ta iya karatun boko ba, kuma mai yiwuwa a ɗakin da ke kusa da nata akwai ƙane ko miji da ke kan magani. Abin da labari ya faɗa mata game da ciwon na iya zama shi ne bayani mafi tsawo da ta taɓa ji, domin likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutane sama da miliyan 200. Mutumin karkarar Kano sai ya dangana da Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Jigawa ya nufi Kazaure, ga kuɗin mota na mutum biyu ko uku tunda ba a zuwa da mara lafiya shi kaɗai. Dokar ma sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwa ta lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga Turawan mulki, kuma kafin tasirinta ya iso ƙauye da sauran tafiya.

Ta fuskar alheri, labarin da aka rubuta daga cikin kan mara lafiya na yin abin da wa'azi da sanarwar rediyo ba sa yi. Mai saurare na zama cikin tsoronsa na sa'o'i, ta ji yadda dariyar mai unguwa ke sauka a kunnensa. Wataƙila gobe in ƙanenta ya ce wani ya taɓa masa kaya, ta tsaya ta tambaya kafin ta ce ciwo ne.

Ta fuskar sharri kuwa, akwai wata dabara da ta zama ruwan dare a irin waɗannan labarai, kuma ita ta fi ba ni tsoro a kan duk zancen cin fuska. Mai bincike ya ga magani na sa shi barci da nauyin jiki, sai ya ɓoye ƙwayoyin a ƙarƙashin tabarma don kansa ya washe, daga nan ne kuma basira ke zuwa masa ya gano mai laifi. Rabin farko gaskiya ne. Tsofaffin magungunan da aka fi samu da araha, irin su kulofuromazin da halofiridol, suna kawo barci, da sanƙarewar jiki, da rawar hannu, wani har da dalalar miyau, kuma wannan na cikin manyan dalilan da ke sa marasa lafiya su daina sha. Rabin na biyu ne ƙarya. Abin da ya fi biyo bayan yanke magani farat ɗaya shi ne dawowar ciwon bayan makonni ko watanni, sau da yawa fiye da yadda yake a da, daga nan kuma sai igiya. Wanda magani ya dame shi likita ake koma wa, ya rage, ko ya sauya, ko ya mai da shi kan allurar wata-wata. In har marubuci na son Ticha ya ɓoye ƙwayarsa, to ya rubuta mako na shida ma, lokacin da rubutun littafin ya fara hawa kan juna, 'yar yayar tasa kuma ta kasa karanta ko layi ɗaya a daidai ranar da dagaci ya amince zai saurare su.